Jini Mai Kauri da Gudaji: Audugar Kanti, Ƙyalle, Tamfon ko Kofi?

Mace za ta sayi audugar mata mai tsada, siririya, mai fiffike, ta saka bayan wankan safe, kafin azahar zani ya ɓaci. Idan ta cire ta duba, sai ta ga tsakiyar ce kawai ta jiƙe. Jinin ya kwanta a sama, ya bi ta gefe ya sauka, gaba da baya kuwa fari fat. Da yawa a nan sai su ce jabu aka sayar musu. Wani lokacin jabun ne, amma sau tari audugar ta gaske ce, kuma ba cika ta yi ba, jinin ne bai samu hanyar shiga ba. Duk wadda al'adarta ke zuwa da kauri da yauƙi da gudaji, da mai haɗa kayan haihuwa, saurin karɓa ya kamata su fara dubawa kafin yawan ɗauka.

Abin da ke fita lokacin al'ada haɗi ne. Akwai jini, akwai ɓarɓashin shimfiɗar cikin mahaifa da ke saɓulewa duk wata, akwai majinar bakin mahaifa, akwai ruwan gaba. Jinin jiki shi kaɗai ya fi ruwa kauri sau 3 zuwa 4, balle an gauraya shi da majina. Mahaifa tana sakin sinadaran da ke hana shi daskarewa don ya samu fita, amma ranar da zubar ta yi ƙarfi sinadaran ba sa iya cim masa, sai ya fito gudaji-gudaji kamar hanta. Likitoci na ƙiyasta jinin al'ada guda da mililita 30 zuwa 40, wato babban cokali biyu zuwa uku, idan ya haura 80 su ce ya yi yawa. Mata kan yi dariya in sun ji wannan lissafi, don abin da suke gani ya fi haka nesa ba kusa ba. Suna da gaskiya. Jinin kawai aka ƙirga, ba a sa sauran ba.

Shuɗin ruwan nan da ake tsiyayawa a tallar talabijin kuwa tsinkakke ne, ba shi da ƙwayoyin jini, ba shi da yauƙi. Shekara da shekaru ana auna ƙarfin waɗannan kaya da ruwan gishiri. A Agustan 2023 ne wasu likitocin jami'ar kiwon lafiya ta jihar Oregon a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi wa kayan al'ada iri 21 da jinin mutum na ma'ajiyar asibiti, wanda wa'adinsa ya ƙare. Auduga da tamfon (curin auduga da ake turawa cikin gaba) da kofin al'ada (ɗan kofi da ake sakawa ciki ya tari jini) sun riƙe tsakanin mililita 20 zuwa 50. Faifan roba da ake sakawa ciki ya riƙe 61 a matsakaici. Wandon al'ada, wanda ake ta yayinsa a intanet, mililita 2 kacal ya riƙe. Ko a wannan gwajin ma babu majina babu gudaji a jinin, saboda haka aikin da ke jiran audugar a jikin mace ya fi na ɗakin gwaji wuya.

Abin da ke cikin ledar

Ki samu sabuwar auduga ɗaya ki yanka ta gida biyu da almakashi. Za ki ga fuskar sama wadda ke taɓa jiki, sai wani siririn shafi da ke baza jini, sai cikin mai tsotsewa, sai leda a ƙasa mai ɗauke da gam. Bambancin mai kauri da siririya duk yana cikin na ukun.

A mai kauri, farin abin da za ki ga yana tashi kamar auduga ɓargon itace ne da aka dafa aka wanke aka shiƙe ya yi laushi. Da shi aka fara sana'ar. A yaƙin duniya na ɗaya kamfanin Kimberly-Clark ya yi bandejin sojoji da wannan ɓargo, ma'aikatan jinya mata a Faransa suka lura yana yi musu aiki lokacin al'ada, bayan yaƙi kamfanin ya fito da shi da sunan Kotex a 1920. Ƙarfinsa shi ne sarari. Tsakanin silin zare da silin zare akwai ƙofofi manya, jini mai kauri yana samun wurin kutsawa nan take. Rauninsa kuma ba ya kulle abin da ya sha. Ki zauna a benci ko bayan a-daidaita-sahu na awa guda, nauyinki zai matse shi, danshin ya dawo sama. Idan ya jiƙe sosai yana curewa wuri ɗaya, ya bar gefe ba kariya.

A siririya za ki ga wani tsaki fari yana zubowa kamar sikari. Wannan ne tsakin jel, wanda wasu kamfanoni ke rubuta SAP a jikin leda don nuna akwai shi. A Japan aka fara yinsa don kasuwa a 1978, kuma a audugar mata aka fara sa shi kafin ya shiga pampas. Ki zuba ɗan tsakin a kofin gilas, ki ƙara ruwan leda. Kafin ki juya ya kumbura ya zama jel, ko kin kifa kofin ba zai ɗiga ba, domin yana shan ninkin nauyinsa ɗaruruwa na ruwa mai tsabta. Yanzu ki barbaɗa masa gishiri ki motsa. Za ki ga jel ɗin ya saki, ruwa ya fara tsattsafowa. A ruwa mai gishiri irin na jikin mutum, abin da yake iya sha yana sauka zuwa ninki 30 zuwa 50. A jini kuwa ya fi haka faɗuwa, saboda ƙwayoyin jini da furotin suna lulluɓe bayan kowane tsaki. Duk mai tuƙa tuwo ta san abin da ke faruwa in aka antaya gari a tafasasshen ruwa ba tare da talge ba: waje ya jiƙe ya yi santsi, ciki busasshen gari. Haka tsakin yake yi da jini mai kauri. Na sama ya kumbura ya toshe hanya, na ƙasa yana nan a bushe, jinin da ya biyo baya sai ya nemi gefe.

Wannan ba ya nufin siririya ba ta da rana. Abin da ta sha ta kulle shi, ba ya dawowa ko an zauna a kai, ba ta nunawa a jikin kaya, kuma wari ya fi jinkirin tashi. A kwanakin da jini ke ɗiga kaɗan-kaɗan, tsinkakke, babu kamarta. Gwajinta na gaske shi ne lokacin da mace ta daɗe a zaune sannan ta miƙe, ta ji abu ya zubo gaba ɗaya. A nan mai kauri ke yi mata fintinkau. Akwai masu haɗa biyun, ɓargon itace a sama, tsaki a ƙasa, kuma ga mai yawan zuba ni ita na fi so a duk cikin na kanti. Ana gane ta da taɓi: tana da ɗan tudu a tsakiya, in kin murza kuma kina jin tsakin.

Fuskar sama iri biyu ce, kuma mata ba su cika kula da ita ba, alhali ita ce ƙofa. Akwai mai raga, leda ce da aka huda ƙananan ramuka masu faɗin baki da tsukakken gindi, jini ya shiga ya kasa komowa. Ta fi barin jini mai yauƙi ya wuce, saman kuma yana zama a bushe. Amma leda leda ce. A zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri tana tara gumi, mai fata mai saurin kamuwa sai ta wayi gari da ƙaiƙayi da kurjewar cinya. Ɗayar kuma mai laushi ce kamar yadi. Duk da ana ce mata mai taushin auduga, yawanci zaren roba ne, sai in an rubuta ƙarara cewa auduga ce zalla. Ta fi daɗin jiki, sai dai jini mai kauri yana shafewa a kanta kafin ya nutse. Gudaji kuwa babu fuskar da ke barinsu wucewa. Suna nan a sama har ki cire, kuma gudan da ya kwanta a tsakiya murfi ne, duk abin da ya zo bayansa gefe zai bi. Wadda ta ji fitar guda gara ta shiga bayi ta ɗauke shi da tishu ko ta canza, ko da audugar ba ta yi awa biyu ba.

Saboda haka tsayi da faɗi suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ta yau da kullum tana kai santimita 24, ta dare 29 zuwa 35 ko fiye, mai faɗin baya. Mai zuba da yawa ta sa ta dare ko da rana tsaka, babu dokar da ta hana. Turaren da ake fesa wa wasu bai ƙara musu komai ba sai haɗarin ƙaiƙayi. Wadda ake tallatawa da koren layi a tsakiya, ana cewa tana maganin sanyi ko ƙarin mahaifa ko ciwon mara, ki saye ta a matsayin auduga in tana tsotsewa, amma auduga ba ta maganin cuta.

Ƙunzugu

An yi wa ƙyalle kallon abin ƙauye, kuma an zalunce shi. Idan ana maganar jini mai kauri, yadin auduga da ya sha wanki yana cikin masu saurin karɓa. Babu leda tsakaninsa da jiki, zarensa na son ruwa, kuma gudan jini yana maƙalewa a jikinsa maimakon ya sulale. Tun zamanin Annabi (SAW) ake wannan magana. A hadisin Hamnatu 'yar Jahshi, da ta kai kukan yawan zubar jini, auduga aka fara kwatanta mata, da ta ce abin ya fi ƙarfin auduga aka ce ta yi ƙunzugu, sannan ta ƙara da ƙyalle.

Sai dai ƙyalle suna suka tara. Tsohon zanen atamfa na auduga, wanda sitati da danƙonsa suka fita, yana sha sosai. Sabuwar atamfa ba ta sha sai an wanke ta sau da yawa. Atamfar roba mai arha da ta cika kasuwa yanzu kuwa ba ta sha ko kaɗan, jini a kanta gudu yake. Gane su ba wuya. Ki ɗiga ruwa a kai: in ya nutse nan take auduga ce, in ya tsaya yana ƙyalli roba ce. Ko ki zaro zare ki kanga masa ashana, na auduga zai ci ya bar toka mai warin takarda, na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Tawul na auduga ya fi atamfa, don ƙananan madaukan zarensa suna kama abu mai yauƙi, kuma yana da sarari kamar ɓargon itace. Shawul ɗin jarirai mai laushi shi ya fi dacewa da fuskar da ke taɓa jiki. Yadin maikurofaiba, irin na goge gilashin mota, yana sha da sauri amma yana saki in an danne shi, kuma yana busar da fata, don haka wurinsa ciki ne, a rufe shi da auduga.

Matsalar ƙunzugun gargajiya biyu ce: yana gocewa, kuma yana naso har waje. Audugar wanki da ake ɗinkawa yanzu ta magance duka biyun, da maɓalli a fiffike da yadi mai hana ruwa wucewa a ƙasa. Kamfanin AFRIpads na Uganda ya yi suna da ita, kuma duk telar da ta iya ɗinkin kayan yara za ta iya yinta: shawul a sama, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya, mai hana ruwa a ƙasa. Wadda aka yi da aljihu, ana zare tawul ɗin a wanke shi daban, ta fi wadda aka ɗinke gaba ɗaya, domin mai ninki da yawa in ta jiƙe sai ta yini ba ta bushe ba.

A wanki da shanya ake cin riba ko a faɗi. Ruwan sanyi ake fara jiƙawa da shi, don ruwan zafi dafa jinin yake ya kama zare har abada. A cuɗa da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a baza a rana. Rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma ita ce abin da kunya ke hana mata. Sai a shanya a bayan ƙofa, ko ƙarƙashin katifa, ko a lulluɓe da wani zani a igiya, a ɗauke da sauran danshi a sake sakawa. Daga nan wari da ƙaiƙayi ke farawa, a ɗora wa ƙyalle laifi. Da damina, in rana ta yi rowa, guga mai zafi na cike giɓin. Wadda ba ta da wadataccen ruwa, ko ɗalibar makarantar kwana da ba ta da inda za ta shanya ba tare da an sa mata ido ba, ƙyalle zai ba ta wahala komai kyansa, kuma gara a faɗa mata gaskiya.

Launi ma abin dubawa ne. Masu ɗinki na son yadi mai duhu don tabo ba ya nunawa, amma a ƙarshen al'ada mace na bukatar ganin abin da ke fita don ta san ko ta samu tsarki, bushewa ce ko farin kumfa. Da farar auduga matan Madina ke aika wa Nana A'isha (RA) ta duba musu. A ajiye farare biyu na kwanakin ƙarshe.

Akwai abubuwan da ake kamawa don rashi ko don gaggawa, waɗanda ba su kai ba. Tishu yana narkewa ya manne a jiki. Soson katifa yana sha ya amayar da zarar an zauna, kuma ba ya wankuwa har ciki. Audugar gona, irin ta Funtuwa ko Gusau da aka gurje, tana da wani maiƙo na halitta da ke korar ruwa, sai an dafa ta an wanke a masana'anta take zama audugar asibiti. Audugar rimi kuwa ko a kogi aka jefa ta iyo za ta yi, shi ya sa a da ake cusa ta a rigunan ceton masu nutsewa. Audugar asibiti ta naɗi tana sha ƙwarai, amma sai an naɗe ta a bandeji mai raga, in ba haka ba silin ta na maƙalewa a jiki.

Na sakawa ciki

Tamfon curin auduga ne ko zaren reyon da aka matse, mai igiya, ana tura shi cikin gaba ya sha jinin tun kafin ya fito. Ƙarfinsa a ƙayyade yake bisa ma'aunin hukumar abinci da magunguna ta Amurka: matsakaici giram 6 zuwa 9, babba 9 zuwa 12, mafi girma bai wuce 18 ba, shi ma da ruwan gishiri aka auna. Ga mai gudaji bai cika biyan bukata ba. Gudan na lulluɓe kansa, jini ya bi ta gefen igiya, ki ciro shi ki ga rabi fari. Neman mafi ƙarfi kuma ba dabara ba ce. A 1980 kamfanin Procter & Gamble ya janye tamfon ɗinsa mai suna Rely daga kasuwa, wanda aka yi da kayan roba masu tsotso fiye da kima, bayan an danganta shi da cutar TSS, gubar ƙwayar cuta da ke zuwa da zazzaɓi mai zafi da amai da ƙuraje da faɗuwar hawan jini, har ta kai ga rasa rai. Cutar ba ta da yawa, amma tun daga lokacin ƙa'idar ita ce a sa mafi ƙanƙanta da zai isa, kuma kada ya wuce awa 8 a jiki. Ga tsada, ga wuyar samu in ba a manyan kantuna ba.

Kofin al'ada shi ya kauce wa matsalar gaba ɗaya, domin ba sha yake ba, tara yake. Ɗan kofi ne na silikon mai laushi, ana naɗe shi a tura, ya buɗe a ƙasan bakin mahaifa. Kauri ko tsinkewa duk ɗaya ne a wurinsa, guda ma faɗawa ciki yake. Yawancinsu na ɗaukar mililita 20 zuwa 30, wasu da layin awo a jiki, wanda ke ba mace damar faɗa wa likita adadi maimakon "da yawa". Tun 1937 wata Ba'amurkiya, Leona Chalmers, ta yi rajistar irinsa. A 2019 mujallar Lancet ta lafiyar al'umma ta wallafa nazarin da ya tattara bincike 43, ya nuna yoyon kofi bai fi na auduga da tamfon ba, wani wurin ma bai kai ba. Guda ɗaya na iya shekara 10.

A takarda ya cinye gasar. A gida kuma akwai magana. Sai an koya, watan farko da na biyu yawanci da fama. Sai da hannu mai tsabta da ruwan ɗauraya duk lokacin juyewa, da tukunyar tafasa shi bayan al'ada ta ɗauke. Mai masan tsugunne ta riƙe shi da kyau, in ya kuɓuce shi ke nan. Babban guda na iya cika shi farat ɗaya ko ya toshe ƙananan hujin da ke bakinsa, don haka ranar ƙarfi a haɗa da ƙyalle ko siririyar auduga. Mai robar tazarar haihuwa a mahaifa ta fara tambayar ma'aikaciyar da ta saka mata. Ga budurwa kuma, yana iya taɓa tantanin budurci, kuma mun san nauyin wannan a gidajenmu, ba abin da za a tura yarinya ta yi a ɓoye ba ne. Matar aure da ta haihu, mai ruwa a gida, mai fama da gudaji duk wata, ita ce za ta fi kowa cin moriyarsa.

Wasu mata in dare ya yi pampas ɗin yara suke sakawa. Yana taimakawa, amma faɗinsa ne ke aikin, ba tsakin ba, don fitsari aka gina shi. Kowace uwa ta ga yadda kashin jariri mai shan nono ke bi ta baya har wuya alhali pampas ɗin bai cika ba, dalilin ɗaya ne. Juyin wannan kuma gaskiya ne: mai yoyon fitsari ko tsohuwa mai ɗigar fitsari audugar al'ada ba za ta riƙe ta ba, ita ce mai bukatar mai tsaki da yawa.

Maijego

Jinin biƙi ya fi na al'ada yawa da kauri. Kwana uku zuwa huɗu na farko ja ne wur, da gudaji, sannan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa har wajen kwana goma, sannan fari-fari ko rawaya, yana iya kai mako 6. A nan zaɓin ba shi da wahala. Tamfon da kofi haramun ne a likitance har sai mako shidan sun cika an duba ta, don mahaifa na da ɗanyen rauni inda mabiyiya ta rabu. Siririya mai raga ba ta dace ba, musamman ga wadda ta ƙaru ko aka yi wa ƙari aka ɗinke, ragar na kama zaren ɗinki, ledar na tara zafi. Doguwar audugar haihuwa, mai kauri, mai laushi, marar turare, ita ce ta makon farko, kuma tudunta na rage zafin zama. Fakiti ɗaya da ake rubutawa a jerin kayan asibiti ba ya isa, a tanadi uku. Daga mako na biyu tawul mai tsabta ko audugar wanki ta wadatar, tunda gidan jego ba ya rasa ruwa da wanki.

Akwai wani dalilin da ya fi jin daɗi nauyi. Da auduga ungozoma da nas ke auna zubar jini bayan haihuwa, kuma zubar jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu haihuwa a ƙasar nan. Fara mai kauri tana nuna gaskiya. Tsummokaran zani masu duhu da ake cusawa ana canzawa suna ɓoye ta. Maijegon da ta jiƙa babbar auduga sharkaf cikin awa guda, ko gudaji manya ke ta fita, ko jinin ya koma ja bayan ya fara washewa kuma yana ƙaruwa, ko yana wari, ko tana jiri da zazzaɓi, ba kunun kanwa take bukata ba, mota za a nemo.

Kuɗi da zubarwa

Dokar kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT a kan audugar mata da ake yi a Nijeriya, amma faɗuwar naira ta cinye sauƙin. A Disambar 2023 Procter & Gamble, masu Always, suka sanar da daina sarrafa kaya a ƙasar, a 2024 Kimberly-Clark ma suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu. Kasuwa ta cika da sababbin sunaye, masu kyau da na banza. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wadda ake sayarwa tsirara ba leda. Lissafin kuma a yi shi da yawan da ake canzawa a wata, ba da kuɗin fakiti ba. Mai gudaji na canzawa ne saboda saman ya toshe, don haka siririya mai tsada da ta cire bayan awa biyu, rabin kuɗinta ta zubar a bushe.

Mata da yawa a nan ba sa yar da auduga sai sun wanke jinin. Mai yin haka ta san mai kauri na wankuwa, siririya kuwa kumbura take ta fashe, jel ya watsu a tsakar bayi. Kada ko ɗaya ta shiga masan ruwa, ita ce ke toshe bututu da sokawe.

In aka tattara, ga yadda zan shirya wa mai yawan zuba watanta. Kwana biyun ƙarfi, doguwa mai kauri ko mai haɗi, a canza duk awa uku zuwa huɗu ko da zarar guda ya fita. In tana gida kuma akwai ruwa da rana, audugar wanki mai tawul ta fi sauƙi ga fata da aljihu. Ragowar kwanaki siririya. Ɗaliba da ma'aikaciya da mai tafiya, ta kanti, da guda biyu a jaka. Matar aure da ta gaji da saye duk wata ta gwada kofi, ta ba shi wata uku kafin ta yanke hukunci.

Akwai kuma inda canza auduga ba ya magani. Idan kina jiƙa guda duk awa ɗaya ko biyu, ko kina haɗa biyu a lokaci guda, ko kina tashi cikin dare don canzawa, ko al'adar na wuce kwana 7, ko gudajin sun kai faɗin murfin kwalbar lemo, wato santimita biyu da rabi, to abin na asibiti ne. Ƙarin mahaifa na jawo haka, kuma ya fi yawa a matan Afirka. Robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe na ƙara zuba, haka wasu cututtukan rashin daskarewar jini da ake gado, waɗanda kan bayyana tun al'adar farko. Ƙarshensa ƙarancin jini ne, da haki, da jiri, da kwaɗayin cin ƙanƙara ko farar ƙasa. Akwai ƙwayoyin rage zuba da na ƙarin jini, akwai hoton mahaifa da ke nuna dalili. Kafin ki je, ki rubuta na wata ɗaya ko biyu: auduga nawa a rana, wace iri, ta cika ko saman kawai ya ɓaci, da girman gudajin. Likita zai tambaya, kuma guda biyar na siririya da guda biyar na audugar haihuwa ba jini ɗaya ba ne.